Fenaretin da na ɓarar ya hana ni sakat: ƙarfin zuciya gado ne ko koyo?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Koci. Ni matashi ne daga Gombe, shekarata 19, ina buga gaba a ƙungiyar unguwarmu. Wata huɗu da suka wuce na ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar unguwanni, muka rasa kofi. Tun daga ranar, in ƙwallo ta nufo ni a wasa sai gabana ya faɗi, ƙafata ta yi nauyi, alhali a atisaye lafiya lau nake. Sau biyu na je gwaji ba a ɗauke ni ba. Ga gwiwata ta dama tana kumbura bayan wasa, amma ina daurewa don kada a ce ni rago ne. Babana ya ce in haƙura in koma shago. Shin da ƙarfin zuciya ake haihuwar mutum, ko ana koya? Kuma yaya zan gane ko lokacin bari ya yi?"

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai da na karanta saƙonka sau uku, domin maganganu uku ne a cikinsa suka sarƙe: ta fenareti, ta gwiwa, da ta mahaifinka. Kai ka dunƙule su ka mai da su tambaya ɗaya, wato ko kai jarumi ne ko rago, ka kuma nema musu magani ɗaya, daurewa. Daurewar za ta ɗan taimaka maka a ta farko, amma a ta biyu ita ce za ta kashe maka ƙwallon gaba ɗaya.

Ni a Bauchi nake, na haura shekara 20 ina horar da yara da samari a filayen ƙasa, kafin nan kuma na buga baya. Abin da na gani shi ne halitta tana da nata rabon. Akwai yaron da tun yana ɗan shekara 12 ihun 'yan kallo ba ya gigita shi, akwai wanda kallon koci kaɗai ya isa ya rikita shi. Amma wannan bambancin mafari ne kawai. Na sha ganin mai sanyin nan ya wuce mai zafin bayan shekara uku, saboda shi ya san yana da matsala ya yi aiki a kanta, ɗayan kuwa bai taɓa faɗuwa ba, ranar da ya faɗi ya rasa yadda ake tashi.

Idan ina auna ƙarfin zuciyar ɗan wasa, ba fuskarsa nake kallo ba, agogo nake kallo. Ya yi kuskure, an ƙwace masa ƙwallo ko ya buga ta sama: daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya sake buɗe kansa ya ɗaga hannu yana neman a ba shi? Wani daƙiƙa biyar. Wani minti goma, za ka gan shi yana laɓewa a bayan ɗan bayan abokan hamayya don kada a tura masa. Kai naka ya kai wata huɗu. Tsawon wannan lokacin shi ne abin da za mu gajarta, kuma yana gajartuwa.

Me ya sa ƙafar take nauyi

Ka ce a atisaye lafiya kake, sai a wasa abin ke zuwa. Wannan albishir ne, domin ya nuna iyawar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Abin da ke faruwa shi ne idan jiki ya ga abin tsoro, sai ya saki wani sinadari da ake kira adrenalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, tsokoki su ɗaure, ido ya daina ganin gefe. Jiki ba ya bambanta kare mai cizo da mutum ɗari biyar da suka kewaye fili suna jiran ka sake ɓararwa. Duka shiri ɗaya yake musu. Wannan shirin yana da amfani ga mai gudu, amma mai son tare ƙwallo a tausashe yana buƙatar ƙafa sakakkiya.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi wancan ɓarna. Ka san yaron da ya haddace sura yana karanta ta kamar ruwa, ranar musabaƙa kuma ya tsaya yana tunanin wace kalma ce ke biye, sai ya sarƙe a ayar da bai taɓa sarƙewa ba? Haka ƙafarka take. Ta haddace bugun tun kana buga ƙwallon tsumma a lungu. Yanzu tsoro ya sa ka tsaya a kanta kana sa mata ido, kana ce mata karkata haka, taka can, sai ta rikice.

Ka kuma ajiye wannan a ranka: ko a manyan gasannin duniya, kusan ɗaya cikin kowane fenareti huɗu ba ya shiga. Daga mita 11 ake bugawa, raga kuma faɗinta mita 7.32, amma ƙwararrun da ake biya miliyoyi suna ɓararwa. A watan Nuwamba na 2020, Ademola Lookman yana Fulham, aka ba su fenareti a daƙiƙar ƙarshe ta wasansu da West Ham ana cin su ɗaya. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ta a hankali ta tsakiya, mai tsaron raga ya kama ta cikin sauƙi. Duniya ta yi masa dariya, ba unguwa ba. A watan Mayu na 2024 shi ne ya ci ƙwallo uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa, ya karya Bayer Leverkusen da ta yi wasa 51 ba a doke ta ba, a ƙarshen shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Ba ina ce maka za ka zama shi ba. Ina nuna maka ne cewa bugu ɗaya ba ya yanke wa ɗan wasa hukunci sai in shi ya amince.

Yadda muke koyar da shi a fili

Kuskuren da mu koci-koci muka daɗe muna yi shi ne mu ce wa yaro "ka cire tsoro", ko "ka zama namiji". Wannan ba umarni ba ne da jiki zai iya bi. Tsoro ba ya fita don an kore shi. Abin da ke yiwuwa shi ne a ba hankali wani aiki ƙarami da zai riƙe, har ƙafa ta samu sararin yin nata.

Don haka ka tsara wa kanka tsari ɗaya na bugun fenareti, ka riƙe shi kamar yadda ka riƙe jerin alwala. Kai za ka ajiye ƙwallon da hannunka. Taku nawa za ka ja baya, ka ƙayyade, kada ya canza. Ka zaɓi kusurwa tun kafin ka ajiye, kuma kada ka sake shawara a kan hanya. In alƙalin wasa ya hura usur, kada ka zabura. Ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi a hankali ta baki, fitarwar ta fi shigarwar tsawo, domin dogon fitar da numfashi yana rage bugun zuciya. Sannan ka tafi. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Geir Jordet, ya shafe shekaru yana nazarin bugun fenareti a manyan gasanni, kuma daga abin da ya gano akwai cewa masu gaggawar bugawa da zarar an hura, kamar masu son a rabu da abin, sun fi ɓararwa. Ina kyautata zaton in ka tuna ranar taka, za ka ga ka yi sauri.

Sai dai buga fenareti hamsin kai kaɗai da gola da yamma ba zai warkar da kai ba, tunda can dama ba ka da matsala. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da za ka fafe shi ne bugawa cikin matsi. Ga yadda nake yi da yarana. A ƙarshen atisaye, lokacin da kowa ya gaji liƙis, sai in tsayar da su duka a tsakiyar fili. Mai bugu zai tako shi kaɗai daga can har wurin ƙwallo, sauran suna ihu suna kiran sunansa. Bugu ɗaya tak, babu na biyu. In ya ɓarar, 'yan ɓangarensa ne za su kwashe kaya su ɗebo ruwa. Hukuncin ƙarami ne, amma ya isa ya sa gaba ya faɗi, kuma faɗuwar gaban muke nema. Wanda ya yi wannan tafiyar sau talatin a wata biyu, ranar wasa jikinsa zai ce na san wurin nan. Ka roƙi kocinku ya fara muku haka, kai kuma ka zama na farko a layi kullum.

A cikin wasa kuma, ka yi wa kanka doka ɗaya: bayan kowane kuskure, aikinka na gaba shi ne mafi sauƙi da ke akwai. Ka kori wanda ya ƙwace ƙwallon, ko ka karɓa ka miƙa wa na kusa da kai. Kada ka ce sai ka rama da yanka uku da bugu daga nesa, nan ne kuskure ɗaya ke haifar huɗu. Wasu yaran nakan sa su zaɓi wata alama ta rufe abin da ya wuce, kamar gyara safa ko tafa hannu sau ɗaya, da kalma guda da za su faɗa a ransu, irin su "na gaba". Abin kamar wasa, amma ina ganin aikinsa a agogon nan da na faɗa maka.

A shekarar 1989 a Dammam ta Saudiyya, 'yan ƙasa da shekara 20 na Najeriya suna bayan Tarayyar Sobiyet da ci huɗu da nema, saura kusan rabin awa. Suka farke duka huɗun, suka yi nasara a bugun fenareti. A gasar Olympics ta Atlanta kuma a 1996, Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1 har saura minti 12, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ci ta zinare, wato ƙwallon ƙarin lokaci da ta ƙare wasan nan take. Muna ba da waɗannan labarai kamar abin al'ajabi, amma babu wanda ya taɓa cin ƙwallo huɗu a bugu ɗaya. Wani ne ya ci gaba da korar ƙwallon da ke gabansa a lokacin da lissafi ya ce a zauna. Mu nan Bauchi ma kofin ƙalubale da Wikki Tourists ta ɗauko a 1998, a bugun fenareti ta samo shi a hannun Plateau United, wato sai da wasu suka yi wannan doguwar tafiyar daga tsakiyar fili gabansu yana faɗuwa.

Ka je ka kalli dambe in an zo da shi kusa da ku. In aka kai ɗan dambe ƙasa, cewa ake yi an kashe shi, a gaban makaɗa da jama'ar gari, kuma gobe da yamma ga shi ya naɗe hannu ya dawo fage. Har manyan da ake yi wa kirari an taɓa kashe su. Irin wannan juriyar ƙwallo ke so, ba irin ta sharo ba, inda gwaninta ita ce a tsula maka bulala kada ka motsa.

Wani abu da samari ba sa ɗauka da muhimmanci shi ne gajiyar ƙwaƙwalwa. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a jami'ar Bangor ta Birtaniya sun sa mutane aikin kwamfuta mai cin hankali na minti 90, sannan suka hau keken motsa jiki har su gaji. Sun sare da wuri da kusan kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da ranar da ba su yi aikin ba, alhali bugun zuciyarsu da aikin tsokarsu ba su bambanta ba. Aikin ne kawai ya yi musu nauyi a rai. To, ka duba kanka: daren wasa kana kan waya har ƙarfe biyu, kana karanta abin da 'yan unguwa suka rubuta a Facebook, kana sake buga fenaretin nan a zuciyarka. Ka shigo fili da rabin ƙarfinka.

Mu Musulmi muna da abin riƙewa a nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu yi kwaɗayin abin da zai amfane mu, mu nemi taimakon Allah, kada mu gaza, in kuma wani abu ya same mu kada mu ce "da na yi kaza da kaza ta faru", mu ce Allah ne ya ƙaddara. Wata huɗun nan a cikin "da na" kake zaune.

Gwiwar nan

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kunne biyu. Ciwo iri biyu ne a wasa. Akwai na gajiya: ƙirji yana zafi, cinya tana ƙuna, zuciya tana cewa tsaya. Wannan a kansa ake daurewa, daurewar ce ma ke gina ɗan wasa. Akwai kuma ciwon da ke zaune a wuri ɗaya, a gaɓa, mai kaifi, mai kumburi. Gwiwar da ke kumbura bayan kowane wasa, ko take sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko take zillewa kamar za ta kayar da kai in ka juya, tana gaya maka wani abu ya lalace a ciki, ko jijiya ko guringuntsi. Jiki magayi.

Ni wannan ne ya raba ni da buga ƙwallo. Ina da shekara 23 gwiwata ta hagu ta fara irin abin da ka kwatanta, ana tsakiyar gasa, ni kuma ina tsoron in zauna a benci wani ya gaje wurina. Aka riƙa yi mini allurar kashe zafi kafin wasa. Na buga wasa shida a haka. A na bakwai na juya, na ji ƙara, ban sake buga wasan gasa ba har yau, kuma in hunturu ya shigo gwiwar ce ke fara sanar da ni. Duk wanda ya yaba mini jarumta a lokacin, ba ya nan ranar da nake koyon hawa matakala.

Ni ba likita ba ne, kuma ko likita ba zai gane abin da ke gwiwarka ta saƙo ba. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ka nemi ɓangaren ƙashi, a duba, in ta kama a yi hoto. Masu ɗorin gargajiya suna da gwanintarsu a karaya, amma jijiyar cikin gwiwa hannu ba ya kai mata. Kada ka buga wasa kafin a duba. Kuma ina roƙonka don Allah ka nisanci tiramol da 'yan'uwansa da ake miƙa wa samari a bakin fili da sunan ƙarin ƙarfi. Yana toshe bakin ciwon ne kawai, ɓarnar tana ci gaba, ga jaraba da ke biyo baya.

Ka tuna Kanun da na ambata. Bayan Najeriya ta ci lambar zinare a Atlanta ya koma Inter Milan, gwajin likitoci ya gano matsala a zuciyarsa. Ya ajiye ƙwallo, aka yi masa tiyata a Amurka a ƙarshen 1996, ya yi watanni yana jinya. Ya dawo, ya koma Arsenal a 1999, ya buga ƙwallo har bayan shekara goma. Wannan zaman jinyar, a lokacin da duniya ke kiran sunansa, ina ganin ya fi ƙwallayen Brazil biyun nan buƙatar zuciya. In aka ce ka huta wata uku ko tara, abokanka suna wasa kai kana ɗaga ƙafa a tabarma sau ashirin safe da yamma, a nan za a ga juriyarka. Su kuma masu cewa rago, babu mai biya maka kuɗin aiki a cikinsu.

Gwaji biyu, da maganar Baba

Gwaji biyu ba su isa hujja ba. A irin gwajin da ake tara samari ɗari biyu a ba kowa minti 20, abin da ake aunawa sau da yawa sa'a ce da wanda ya san wa. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya a gasa ba, sai da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018 ya farfaɗo. Kai kuma ka je naka gwajin da gwiwa mai kumburi da zuciya mai rawa, don haka ba a ma ga ainihinka ba tukuna. Abu ɗaya kawai: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi masu yawa zai fitar da kai waje, ka riƙe kuɗinka.

Amma ba zan ɓoye maka ba, cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannuna, waɗanda ƙwallo ta zama abincinsu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Mahaifinka ya san wannan ko da bai taɓa shiga filin Pantami ba, kuma tsoron da yake ji maka na gaskiya ne. Ban taɓa ganin wasanka ba, saboda haka ba ni da bakin cewa za ka kai ko ba za ka kai ba. Abin da zan iya ba ka shi ne hanyar da za ka gano da kanka ba tare da ka saɓa wa mahaifi ba.

Ka same shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, in da hali ka tafi da kawunka ko wani babba da yake jin maganarsa. Ka ce masa ka karɓi shagon. Atisaye bayan sallar asuba ne da bayan la'asar, tsakaninsu akwai yini guda na ciniki, kuma yanzu da gwiwa za ta zaunar da kai, lokacin koyon shagon ya zo daidai. Sannan ka roƙe shi wa'adi bayyananne, a ce kaka biyu bayan ka warke. Ku yarda a kan alamar da za a duba: shin wata ƙungiya da ta fi taku ta neme ka da kanta? Shin wani koci da ba ya jin kunyarka, ba kuma ya neman kuɗinka, ya ce akwai abu a ƙafarka? In wa'adin ya cika babu ko ɗaya, ka bari da hankalinka, ka ci gaba da bugawa don jin daɗi, ko ka zo mu koya maka horarwa, domin yaran Gombe da Bauchi suna buƙatar masu koyarwa da suka san zafin abin. Abin da ba na so shi ne ka bari a wannan watan, domin in ka bari yanzu fenaretin ne ya kore ka, kuma zai bi ka har cikin shagon.

Wannan makon asibiti tukuna. In likita ya sake ka, ranar farko da ka koma fili ka gaya wa kocinku a gaban kowa cewa fenareti na gaba da aka samu naka ne. Ka rubuto mini abin da aka gani a gwiwar, sai mu tsara atisayen dawowa daidai da shi. Allah ya ba ka lafiya, ka gaishe da Baba.